Turaku a Fadamar Beli

Kano, ƙarshen Maris

Zuwa ga Kawuna Malam Mijinyawa, mai unguwa, Beli.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fata kana cikin ƙoshin lafiya, kai da Inna Lauratu da duk mutanen gida. Yaya fama da zafi? Na biya ta Karaye ranar Asabar na ga Umma a unguwar Yola. Ƙafarta ta yi sauƙi, har tana shiga maƙwabta da kanta. Ta ce in gaishe da yayanta, in kuma roƙe ka ka rage hawa babur da tsakar rana.

Na san ba ka son a yi maka magana mai nauyi ta waya, ga layin Beli da yawan yankewa, shi ya sa na rubuto na ba Sabi'u direba.

Ka san aikina a kwamitin da aka kafa don nemo wa kayan gonar jiharmu kasuwa a ƙasashen waje, ni ce mai yi musu tafinta. Makon jiya muka dawo daga baje kolin kayan abinci a wata ƙasa ta gabas. Riɗin nan da na ɗiba a gidanka da sallah shi na zuba a faranti a kan teburinmu. Wani babban ɗan kasuwa mai kamfanin man girki ya tsaya, ya murza shi, ya tauna, ya tambayi daga inda ya fito. Na ce masa Beli, cikin ƙasar Rogo. Sai da ya sa na rubuta masa sunan. Kafin mu taho an sa hannu a takardar fahimtar juna tsakaninsa da kwamitinmu, kuma ya ce irin wannan riɗi ko nawa aka samu yana so. Saura wasu takardu daga Abuja, amma shugabanmu ya ce wannan ba abin damuwa ba ne.

Kawu, ka gaya wa mutanenmu su shirya. Na daɗe ban yi farin ciki irin wannan ba.

'Yarka,
Nusaiba

Beli, tsakiyar Afrilu

Zuwa ga 'yata Nusaiba.

Wa'alaikumus salam. Takardarki ta iso, mun gode Allah da kuka dawo lafiya. Muna nan lafiya, sai Lauratu da ta yi zazzaɓi, ta kuma miƙe. Ki ce wa uwarki babur ba zai kashe ni ba.

Na yi abin da kika ce. Bayan sallar Juma'a na tsayar da jama'a a ƙofar masallaci na gaya musu baƙo daga ƙasar waje ya ɗanɗani riɗin Beli, gwamnati ta sa hannu, kuma duk abin da muka noma za a kwashe. Ba ki ga yadda wurin ya ɗauka ba. Mutane da yawa sun ce bana rabin gona riɗi za su zuba, su rage dawa da gyaɗa. Wasu ma sun wuce rabi. Ni kaina babbar gonar nan ta bakin hanya na ware masa.

Mutum ɗaya ne ya ja da ni, Barau. Kin san shi, tun shekarar da tumatirinsa ya ruɓe a mota ba ya yarda da kowane sabon abu. Ya ce shi bai taɓa ganin an ci takarda an ƙoshi ba, dawarsa zai shuka daga wannan iyaka zuwa waccan. Na ce masa 'yar ƙanwata ce ta tsaya a wurin, da idonta ta gani. Ya ce to, Allah ya sa haka ne.

Ki bincika mana maganar iri. Na gida muke tarawa, amma idan baƙon yana da wanda ya fi so, a sanar da mu kafin ruwa ya sauka.

Kawunki,
Mijinyawa

Kano, ƙarshen Yuni

Zuwa ga Kawu.

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina fata damina ta sauka lafiya, da fatan Inna Lauratu ta warware sarai.

Ka yi haƙuri da jinkirin amsa. An tura ni Abuja bin waɗannan takardu, na daɗe a can, kuma Sabi'u ya bar wasiƙarka a wurin maigadin gidanmu. Sai shekaranjiya na karanta.

Kawu, da na ce mutane su shirya, nufina su haɗa kai su kafa ƙungiya, a rubuta sunayen masu noman riɗi, don in baƙon ya zo ya tarar da waɗanda zai yi magana da su. Ban yi nufin a rage dawa ba. Laifina ne da ban fayyace ba, murna ce ta sha kaina.

Bari in gaya maka yadda abin yake, kamar yadda ni ma sai a Abuja na gane shi sosai. Jiha tana iya gayyato baƙo, ta sauke shi, ta nuna masa gonaki, ta gyara masa hanya. Amma ba ta da ikon buɗe wa kaya ƙofar fita daga ƙasa. Ƙasar wannan mutum ba ta karɓar riɗi daga wurinmu sai gwamnatinsu da gwamnatin tarayya sun zauna sun amince da yadda za a riƙa gwada shi, a tabbatar ba ƙwari, ba ragowar magani. Wannan zama ba mu za mu yi shi ba, kuma ba a sa masa rana ba. Jami'in da na gani ya karɓe ni da mutunci, ya ce irin wannan magana takan ɗauki shekara ko fiye. Takardar da muka sa wa hannu ba ta ciniki ba ce. Ta nuna niyya ce kawai, ba ta ɗaure kowa ba.

Don Allah, duk wanda bai shuka ba tukuna, ka tsayar da shi.

'Yarka,
Nusaiba

Beli, Yuli

Nusaiba,

Salamu alaikum. Muna lafiya. Ruwa yana sauka yadda ake so.

Babu wanda zan tsayar. Riɗi ya tsiro, har an yi masa noman fari. Na tara mutane a inda na tara su da farko, na karanta musu takardarki da bakina, ban rage komai ba. Wasu sun yi surutu, wasu suka kaɗa riga suka tafi. Wani ya tambaye ni da me zai ciyar da iyalinsa idan rani ya yi nisa. Barau ya dube ni kawai ya kama hanyar gida. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Shekarata da yawa a wannan kujera, ban taɓa faɗar magana a ƙofar masallaci na dawo na janye ta ba sai bana.

Amma ba wannan ya sa na ɗauki alƙalami ba. Ranar Talata wata farar mota ta shigo da 'yan safiyo, masu awon ƙasa. Ba su biya ta wurina ba, ba su biya ta wurin dagaci ba. Suka wuce fadama kai tsaye, suka kafa na'urarsu, suka bi gefe suna kafa turakun siminti masu jan fenti. Sun zagaye fadamar tun daga gonar Barau har bakin rafi, inda muke noman shinkafa da rake da lambun rani. Da na je na tambaya, babbansu ya ce daga Kano aka turo su, aikin baƙi ne, sauran bayani sai manya.

Ina tambayarki, ki ba ni amsa a fili yadda ba zan sake fahimtarki a karkace ba. Ofishinku ne ya turo su? Kin sani?

Mijinyawa

Kano, farkon Agusta

Zuwa ga Kawu.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da Inna da kowa. Umma ta kira ni tana kuka, ta ce labari ya kai Karaye.

Amsa a fili: kwamitinmu ne ya turo su, kuma wallahi ban sani ba sai da takardarka ta zo. Na shiga wurin shugabanmu na tambaye shi. Bai ɓoye mini ba. Ya ce baƙon ya gaji da jira, kuma wata jiha tana zawarcinsa. Ya ce tashar jirgin ruwa ba tamu ba ce, izinin fitar da kaya ba namu ba ne, haraji ba namu ba ne. Abu ɗaya ne a hannun jiha wanda za ta iya riƙe baƙo da shi, shi ne ƙasa. Don haka aka yi shawarar a nuna masa fili mai ruwa, ya yi gonar gwaji da injin tace riɗi, kada ya gudu kafin Abuja ta gama.

Na ce masa wannan fadama da ita gari yake ci da rani, balle bana da aka rage dawa. Ya dube ni ya ce, "Ai ke kika rubuta masa sunan Beli da hannunki."

Na tashi na fito.

Kawu, har yanzu ba a ba kowa fadamar ba, awo kawai aka yi. Abin da nake roƙo shi ne kada kowa ya taɓa turakun nan. Ba don na yarda da su ba. Idan aka tuge su, magana za ta tashi daga ta gona ta koma ta ɓarna, a sami hanyar kama mutane. Ku bi ta wurin dagaci zuwa hakimi, ku nemi a zauna da ku a Kano kafin baƙon ya zo a watan gobe.

'Yarka,
Nusaiba

Beli, farkon Satumba

Nusaiba,

Salamu alaikum. Da sauƙi dai. Lauratu tana gaishe ki.

Takardarki ta makara. Ruwa ya cinye hanyar da ta haɗa mu da titi, motar Sabi'u ta daina shigowa, sai da aka cike ramin ta iso hannuna. Kafin nan an riga an tuge turakun. Mutane ne suka fita da safe da garemani da diga, suka tara su a gindin tsamiyar kasuwa. Na hana, ba wanda ya saurare ni. Yanzu idan na yi magana sai a ce ai shi ne na riɗi.

'Yan sanda sun zo daga Rogo suka tambayi wanda ya jagoranta. Sai Barau ya fito ya ce turken farko a gonarsa yake, shi ya tuge shi. Dattijo kamar Barau, mai ciwon suga, ya kwana a ofishinsu. Ni na je na tsaya masa aka sake shi. A hanyar dawowa na goya shi a babur, daga Rogo har ƙofar gidansa.

Uwarki ta zo daga Karaye duba mu. Ta shiga gidan suna, mata suka amsa gaisuwarta a daƙile, wata ta tashi ta bar mata tabarma. Ta kwana ɗaya ta koma. Na ga ya kamata ki sani.

Da na karanta inda kika ce kada a taɓa turaku, raina ya ɓaci, na ce yarinyar nan ta zama tasu. Sai da na sake karantawa na ga dalilinki. Duk da haka zuciyata ba ta kwanta ba. Hakimi ya shiga maganar, an ba mu ranar Laraba ta ƙarshen wata mu zo Kano, ni da dagaci da Barau da wasu dattawa. An ce baƙon zai kasance a wurin, kuma ke za ki yi tafinta. Mu ba ma jin Turanci. Duk abin da muka faɗa ta bakinki zai bi, duk abin da ya faɗa ta bakinki zai zo mana. Albashinki kuma a hannunsu yake.

Ban ce ki bar aikinki saboda mu ba. Ina so dai in san da wa zan yi magana ranar.

Mijinyawa

Kano, tsakiyar Satumba

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa. Ka duba mini Baba Barau da jiki, ka ba Umma haƙuri in kun yi magana, ni na kasa.

A gefensu za ka gan ni zaune, domin nan ne kujerata. An riga an kira ni an ce in tausasa maganar ƙauye idan ta yi zafi, kada baƙo ya firgita. Ban ce to ba, ban ce a'a ba.

Ku faɗi abin da ke ranku a hankali, jimla jimla, ku riƙa tsayawa. Ban da wannan ba ni da abin da zan rubuta.

Nusaiba

Beli, farkon Oktoba

Zuwa ga ƙanwata Asma'u, Yola, Karaye.

Salamu alaikum. Yaya ƙafa? Yaya yara? Muna lafiya, an fara yankan riɗi, ya kuma yi kyau, abin har da ban haushi.

Kin ce in ba ki labarin Kano dalla-dalla tunda 'yarki ta ƙi gaya miki komai. Takardarta ta ƙarshe ba ta kwantar mini da hankali ba. Na juya ta ta kowace fuska ban gane ko tamu ce ko tasu ba. Haka na shiga ɗakin taron nan.

Dogon tebur ne. Mu a gefe ɗaya, su a ɗaya gefen. Baƙon wani gajeren dattijo ne mai furfura. Nusaiba tana tsakaninsa da shugabansu. Ta gaishe mu kamar yadda ta gaishe da kowa, ba ta ɗaga ido ta dube ni ba.

Shugaban ya yi dogon jawabi a kan ci gaba da aikin yi. Dagaci ya yi godiya. Sai aka ba Barau dama. Ya miƙe da sandarsa ya ce a fadamar nan kakansa ya yi noma, da ita muke ci idan rumbu ya yi ƙasa, ba wanda ya tambaye mu kafin a auna ta, kuma ya kwana a tsare saboda ita. Ya ce idan riɗi baƙo yake so, ga shi can jibge, ya zo ya saya. Ƙasa kuwa ba ta sayarwa ba ce.

Kafin Nusaiba ta buɗe baki, shugaban ya karkata ya ce mata da Hausa, ƙasa-ƙasa amma mun ji, ta gaya wa baƙo manoma suna maraba da shi, maganar diyya ce kawai ta rage.

Asma'u, sai 'yarki ta juya ta dube shi. Ta ce, "Ranka ya daɗe, ba haka ya faɗa ba." Sai ta juya ga baƙon ta fara Turanci. Ban ji ko kalma ɗaya ba sai Beli da Barau, amma ta daɗe tana magana, tsawon yadda Barau ya yi, har ta nuna sandarsa. Sakataren hakimi yana jin Turanci, shi ya gaya mini a mota cewa ba ta bar komai ba, har kwanan da ya yi a tsare.

Baƙon ya cire tabarau ya ajiye. Ya yi magana, ta mayar mana. Ya ce an gaya masa fili ne da ba kowa a kai. Ya ce shi mai sayen riɗi ne, ba ya son ya fara hulɗa da gari ta hanyar karɓe musu abinci, domin waɗannan mutane su ne za su noma masa. Ba ya son fadamar. Ya kuma faɗa mana gaskiya cewa bana ba zai iya ɗaukar ko buhu ɗaya ba, sai gwamnatocin ƙasashen biyu sun gama tsakaninsu. Wannan ma ta mayar mana yadda yake.

Aka tashi ba a yi addu'ar rufewa ba. Na nemi in yi mata magana a bakin ƙofa, aka kira ta ciki.

Yanzu ga inda muke. Fadama ta tsira, hakimi ya ce an janye awon. Riɗi kuwa 'yan kasuwar Dawanau za mu sayar wa kamar kullum, kuma da yake kowa ya noma, sun san a matse muke. Dawa ba za ta kai wasu gidaje damina ba. Barau ya ce zai buɗe rumbunsa ya yi musayar dawa da riɗi da masu ƙaramin ƙarfi, kwano da kwano, amma rumbun mutum ɗaya ba ya ɗaukar gari. Za mu dogara da lambun rani.

Na gaya wa dagaci idan jama'a suna son wani mai unguwar, ba zan ja ba. Ya ce in bari a gama girbi.

Sabi'u ya ce ya je ofishinsu bai same ta ba. Ki nemo mini labarinta.

Yayanki,
Mijinyawa

Kano, ƙarshen Oktoba

Zuwa ga Kawu.

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina yi muku barka da girbi. Ina lafiya. Umma ta aiko mini cewa kana nemana.

An ɗauke ni daga kwamitin. Ba a kore ni ba, an mayar da ni wani ofishi inda ba baƙo, ba tafiya, sai tsofaffin fayil da fanka. Wasu abokan aiki sun daina zama kusa da ni. Shugaban bai yi mini faɗa ba. Ya ce na sa jiha ta rasa baƙo, kuma wataƙila yana da gaskiya, domin na ji mutumin ya wuce wata jihar ya duba. Ban san ko zai dawo ba. Maganar Abuja tana nan inda take.

Ba na neman a yaba mini. Fadamar da ta tsira ni na jawo mata ido, dawar da ba a shuka ba kuma maganata ce ta hana. Kai ka tsaya gaban mutane ka ɗauki nauyin abin da ni na rubuta. Ina so ka ba ni izini in zo Beli ranar Juma'a. In dattawa sun yarda su zauna a zaurenka, in yi musu bayani da bakina, in kuma shiga gidaje wurin mata. Duk abin da za a faɗa mini a faɗa mini a fuskata, a bar Umma ta shiga gidan suna da sakin fuska.

Idan ka ga zuwana zai ƙara maka nauyi, ka gaya mini, zan haƙura.

'Yarka,
Nusaiba

Beli, Laraba

'Yata Nusaiba,

Wa'alaikumus salam. Muna lafiya.

Ki zo. Ba zan ɓoye miki ba, akwai waɗanda har yanzu ransu a ɓace yake, kuma za ki ji maganganu marasa daɗi. Zan zauna kusa da ke.

Na gaya wa Lauratu ta gyara miki ɗaki, sai ga Barau ya aiko. Ya ce wadda ta ɗauki maganarsa ta kai ta inda ya aike ta ba ta zubar da ko kalma ɗaya ba, ba za ta sauka a gidan kowa ba sai nasa. Na ce masa 'yata ce. Ya ce in kai ƙara wurin dagaci.

Ki biya ta Karaye ki taho da uwarki.

Kawunki,
Mijinyawa